Wasan Dodanni A Lokacin Annoba

Ran 24 ga watan Yuli na shekarar 2020, kamfanin Universal na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa ya soke wasan dodannin nan da ya saba yi kowace shekara a filayen shaƙatawarsa na Olando da Holiwud. Wasan na Olando tun 1991 aka fara shi, watau da an yi na wannan shekara da shi ne na 30, har ma an riga an gina waɗansu daga cikin ɗakunan wasan. Wata guda kafin nan, kamfanin Disney shi ma ya soke bikin da yakan shirya wa yara a wannan lokaci a filinsa na Jihar Filorida. Dalilinsu duka ɗaya ne, annobar korona.

Ga wanda bai sani ba, Halowin biki ne da Turawa, musamman Amurkawa, ke yi a daren 31 ga watan Oktoba. Yara sukan yi shigar dodanni da fatalwa su bi gida gida ana ba su alewa, kusan kamar yadda yara ke yawon tashe da azumi. Akan kuma fafe kabewa a yi mata idanu da baki, a kunna fitila a ciki. To, manyan kamfanonin da ke da filayen wasa, inda ake biyan kuɗi a shiga a hau lilo da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa da gangara, sun mai da wannan dare guda cinikin mako shida ko fiye. Sukan gina ɗakuna masu duhu da ƙuntatattun lunguna, su ɗauki ɗaruruwan 'yan wasa a yi musu kwalliyar ban tsoro, su laɓe a saƙo, da baƙo ya zo wucewa sai su yi wuf su faɗo masa da ihu. Mutum da kuɗinsa yake zuwa don a tsorata shi. Da yake abin yana faɗowa ne bayan yara sun koma makaranta, sa'ad da ciniki kan ja baya, kamfanonin nan sun ɗauke shi tamkar kaka ta biyu.

Mai karatu da ke zaune a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Bogobiri ta Kalaba, yana iya cewa ina ruwansa da wasan Turawa. Bikin kam ba nasa ba ne, wannan jarida kuwa ba ta kiran kowa zuwa gare shi. Amma gardamar da Amurkawa suka yi a kansa a 2020 ta shafi duk wanda abincinsa ke cikin taron jama'a, domin a kan abu ɗaya aka yi ta, watau idan annoba ta sauka, a bar bikin shekara ya ci ne ko a hana, in kuma an hana, wa zai ɗauki asarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga watan Mayu na 2023. Tun da ƙura ta lafa, ya kamata a waiwaya a duba abin da ya faru da idon basira, kafin a manta.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne yadda cutar ke yaɗuwa. Ƙwayar korona tana fitowa ne cikin numfashin mai ɗauke da ita, ko da shi kansa bai san ya kamu ba, kuma gwargwadon yadda mutum ya ɗaga murya, gwargwadon yawan abin da ke fita daga bakinsa. A fili iska takan kwashe ta ta watsar, amma a ɗakin da ke rufe sai ta taru ta daɗe tana yawo. An ga misalin wannan ran 10 ga watan Maris na 2020 a Jihar Washinton, inda mutum 61 suka taru a ɗaki ɗaya suna koyon waƙa har sa'a biyu da rabi, alhali ɗaya daga cikinsu na da cutar. Fiye da 50 suka kwanta, 2 suka riga mu gidan gaskiya.

In aka auna gidan dodanni da wannan ma'auni, sai a ga kamar don yaɗa cutar aka gina shi. Ba shi da taga, domin duhu ake nema. Lungunansa ƙuntatattu ne, domin a hana baƙo wurin kaucewa. Jama'a na shiga ne a jere, wannan na bin bayan wannan, kuma ribar wasan duka ita ce a sa mutum ya ƙwala ihu. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne ɗan wasan da ke laɓe a saƙo, domin baƙo minti kaɗan zai yi ya fita, shi kuwa a nan zai raba dare yana shaƙar numfashin ɗaruruwan mutane. Saboda haka ne a watan Satumba na 2020 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sa shiga rufaffen gidan dodanni cikin jerin abubuwa mafi haɗari, ta ce yawo a fili inda kowa ke bin hanya ɗaya da tazara ya fi dama, ta kuma ja kunne cewa fuskar roba ta dodo ba ta zama madadin takunkumin rufe baki da hanci. A wannan watan ne yawan Amurkawan da cutar ta kashe ya haura 200,000, allurar rigakafi kuwa ba a fara yin ta a ƙasar ba sai ran 14 ga watan Disamba.

Jihohi biyu da suka fi manyan filayen wasa a Amurka, kowace da hanyar da ta bi. Filorida ta yi saurin buɗewa. Universal ya buɗe filinsa na Olando ran 5 ga watan Yuni, Disney ya biyo baya ran 11 ga watan Yuli, kashegari kuwa jihar ta ba da labarin sababbin masu cutar fiye da 15,000 a yini ɗaya, adadin da babu jihar da ta taɓa kaiwa kafin nan. Ran 25 ga watan Satumba Gwamna Ron DeSantis ya janye yawancin ƙa'idodin da suka rage. Ita kuwa Kalifoniya, ƙarƙashin Gwamna Gavin Newsom, ta garƙame manyan filayenta tun tsakiyar watan Maris, kuma ƙa'idodin da ta fitar ran 20 ga watan Oktoba sun ce ba za a buɗe su ba sai cutar ta sauka ƙasa ƙwarai a yankin da suke, ko a lokacin ma kashi 25 cikin 100 na jama'ar da suka saba ɗauka za a bari su shiga. Filin Disneyland bai sake buɗe ƙofa ba sai ran 30 ga watan Afrilu na 2021, bayan fiye da wata 13.

Tsakanin waɗannan biyu, kamfanoni da dama sun nemi hanyar tsakiya. Universal, bayan ya soke babban wasan dare, ya buɗe gidajen dodanni biyu da rana a watan Satumba, ya sa gilashin roba tsakanin 'yan wasa da baƙi, yana shigar da mutane ƙungiya ƙungiya da tazara, kowa da takunkuminsa. Kamfanin Six Flags ya bar rufaffun ɗakuna ya fitar da wasansa fili. Filin Knott's na Kalifoniya, wanda ke yin wasan dodanni tun 1973, ya soke shi ya mai da lokacin kasuwar abinci a sarari. A Japan kuwa, ƙungiyoyin masu filayen wasa sun roƙi baƙi su daina ihu a kan jiragen hawa da gangara, har manyan jami'ai biyu na wani fili da ke gindin Dutsen Fuji suka hau jirgin da kansu, aka ɗauki hotonsu sun yi tsit daga farko har ƙarshe, don nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Tokiyo an shirya wasan da baƙo ke zaune cikin mota a kulle, dodanni na dukan gilashi daga waje.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa jami'an lafiya na yankin Olando sun sha bayyanawa a wannan shekara cewa ba su gano wata babbar ɓarkewar cuta da aka danganta da filayen ba. Wannan ya ƙarfafa hujjar masu cewa filin da ke sarari, in an rage jama'a an tilasta takunkumi, bai kai haɗarin da aka yi tsammani ba. Sai dai fa yawancin baƙin nan daga nesa suke zuwa, wanda ya kamu a can sai ya koma garinsu cutar za ta bayyana, inda ba lalle ne wani ya bi sawunsa ba. Har ila yau, abin da aka jarraba a Olando wasa ne da aka rage masa ƙarfi ƙwarai. Cikakken wasan dare, da cunkoson da aka san shi da shi, manyan kamfanonin biyu ba su yi gangancin yin sa ba.

A ganin wannan jarida, jihohin nan biyu kowace ta yi kuskure. Filorida ta sakar wa kamfanoni ragamar hukunci, Allah ne ya taimake ta manyansu suka ci gaba da ƙayyade jama'a don tsoron ɓata sunansu. Amma bai dace a bar lafiyar al'umma a hannun wanda ke ƙidaya kuɗin ƙofa ba, domin ƙaramin ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu ba zai yi haƙurin da babban kamfani ya yi ba. Ita kuma Kalifoniya ta haɗa fili da ɗaki ta yi musu kuɗin goro, har ya zamana kantunan da ke ƙofar Disneyland an buɗe su tun watan Yuli na 2020, alhali filin kansa, wanda yawancinsa sarari ne, yana kulle. Dokar da jama'a ba su ga hikimarta ba kuwa, ba su daɗewa suna yi mata biyayya.

Akwai kuma darasin lokaci, wanda aka koya a Turai. Filin Disney na Paris ya buɗe ran 15 ga watan Yuli na 2020, ya ƙawata wuri don Halowin, sai ran 28 ga watan Oktoba Shugaba Macron ya ba da sanarwar sabuwar dokar kulle. Filin ya rufe ana saura kwana biyu biki, bai sake buɗewa ba sai watan Yuni na 2021. A Ingila, a daren Halowin ɗin kansa ne Firayim Minista Boris Johnson ya sanar da kulle na biyu. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, ran 31 ga watan Oktoba na 2021, an rufe ƙofofin filin Disney da jama'a a ciki saboda an sami cutar a jikin wani baƙo da ya ziyarci wurin kwana ɗaya kafin nan, aka ce ba mai fita sai an gwada shi, mutum fiye da 30,000 suka bi layi cikin dare. Wanda ya soke tun watan Yuli ya yi asara, amma ya ba ma'aikata da baƙi da masu sayar masa da kaya damar neman mafita. Wanda aka rufe wa ƙofa ana jibi biki kuwa, ya riga ya sayi kaya, ya ɗauki ma'aikata, ya karɓi kuɗin mutane.

To, wa ya ɗauki asarar? Ran 29 ga watan Satumba na 2020 kamfanin Disney ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 28,000, wajen kashi biyu cikin uku daga cikinsu masu aikin wucin gadi ne, kafin ƙarshen shekara adadin ya koma 32,000. Waɗannan su ne masu shara, da masu karɓar tikiti, da masu soya abinci, da 'yan wasa. Ƙarin dala 600 da Gwamnatin Tarayyar Amurka ke ba marasa aiki kowane mako ya ƙare tun ƙarshen watan Yuli, abin da Jihar Filorida ke bayarwa kuwa bai wuce dala 275 a mako ba. A Olando, garin da duniya ke zuwa shaƙatawa, sai da aka ga motocin ma'aikatan filayen wasa sun yi dogon layi suna jiran kwalin abincin da ƙungiyarsu ke rabawa. Kamfanonin sun farfaɗo, har Universal ya yi wasansa na 30 a 2021. Amma ɗan wasan da ke dogara da mako shidan nan don biyan kuɗin haya, ba wanda ya mayar masa da kakar da ta wuce shi.

Bisa ga waɗannan dalilai, matsayin wannan jarida a fili yake. A lokacin annobar da ke bin numfashi, kafin a sami rigakafi, rufaffen gidan dodanni da duk wani wasa mai kama da shi ba shi da hujjar buɗewa. Abin da za a iya fitarwa sarari, a ƙayyade masu shiga, a bar shi ya ci. Hukunci na likitoci ne da hukuma, a yanke shi da wuri, a kuma bayyana ma'aunin da aka bi don kowa ya san ranar da za a sassauta. Gwamnatin da ta rufe wurin neman abincin mutum kuwa, wajibi ne ta ciyar da shi har ranar da ta buɗe.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Ran 28 ga watan Satumba na 1918, ana tsakiyar murar nan da ta game duniya, hukumomin birnin Filadelfiya sun ƙi jin gargaɗin likitoci suka bar jerin gwanon tara kuɗin yaƙi ya gudana, mutum wajen 200,000 suka fito, cikin 'yan kwanaki asibitocin birnin suka cika maƙil. Birnin Sen Luwis da ya yi saurin rufe makarantu da gidajen kallo bai ga irin wannan mace-mace ba. Musulmi ma sun san labarin Halifa Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya kama hanyar Sham da jama'arsa, da ya sami labarin annoba ta sauka a can sai ya yi shawara da sahabbai ya juya. A 2020 aikin Hajji kansa an taƙaita shi ga mazauna Saudiyya da ba su wuce 10,000 ba, alhali a 2019 wajen mutum miliyan biyu da rabi ne suka tsaya Arfa. In har rukuni daga rukunan addini ya karɓi ƙa'ida saboda tsare rai, wasan nishaɗi ba shi da bakin ƙorafi.

Nijeriya ma ta ɗanɗana nata. An sami mutum na farko mai cutar a Ikko ran 27 ga watan Fabrairu na 2020, aka kulle Ikko da Abuja daga ran 30 ga watan Maris har mako biyar, Ogun ma ta biyo baya, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A wannan shekara ba a yi hawan salla a Kano ba. Bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, wanda ake yi bayan Babbar Salla, an soke shi a 2020 da 2021, haka nan bikin Kalaba na watan Disamba. Soke su daidai ne. Amma kowa ya san waɗanda ke kewaye da irin waɗannan taruka: mai tsire da ya saba ƙarar da nama kafin tsakar dare, mai shayi, mai goro, ɗan acaɓa, ɗan canji, da ɗan dako. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne da suka baro iyali a gida suna jiran aike, ba su da albashi, sunansu ba ya cikin littafin kowace ma'aikata, ga hanyar komawa gida a rufe. Ma'aikacin Disney ya sami takardar sallama da ɗan abin da gwamnati ta ba shi. Mai tsiren Bogobiri kuwa ko takardar bai gani ba. A watan Oktoba na 2020, sa'ad da jama'a suka fasa rumbuna a Ikko da Jos da Kalaba da sauran garuruwa, sai ga buhunan abincin tallafi jibge ba a raba ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga gwamnatocin jihohin Kudu da su shirya tun yanzu, lokacin da ake zaune lafiya. A rubuta ƙa'idar da za ta bambanta taron fili da na ɗaki, a ajiye ta, kada a jira sai cuta ta shigo a fara lalube. A kuma tabbatar cewa duk mai sana'a a gari, ko daga ina ya fito, yana cikin lissafin tallafi, domin cuta ba ta tambayar asalin mutum, kuma baƙon da yunwa ta fitar da shi titi haɗari ne ga ɗan gari.

Sarakunan Hausawa na unguwannin Sabo, da shugabannin ƙungiyoyin mahauta, da na 'yan kara, da na masu kayan gwari, su ma da nasu aikin. Kamata ya yi kowace ƙungiya ta mallaki cikakken jerin sunayen 'ya'yanta da sana'ar kowa, domin ranar da aka zo rabo, wanda ba a rubuta ba ba a san da shi ba. Kamata ya yi kuma a kafa asusun ko-ta-kwana, ana zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a kowane mako kamar adashi, a hannun amintattun mutane da ke ba da lissafi a bainar jama'a. Shi kuma ɗan kasuwa, idan kakarsa ta zo ya samu, ya tuna cewa kamfanonin da suka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba an wayi gari ƙofarsu a kulle har fiye da shekara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Likitoci sun sha faɗa cewa korona ba ita ce annoba ta ƙarshe ba. Idan wata ta zo, za a sake yin gardamar nan a kan hawan salla, da bukukuwan ƙarshen shekara, da kasuwar raguna, kuma masu kuɗi a cikin harkar za su fi kowa ɗaga murya. Ya kamata a ranar a sami hukuma da ƙa'idarta a rubuce, a sami ƙungiyoyi da sunayen mutanensu da ɗan abin da suka tara. Allah ya kiyaye bayinsa daga annoba, ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.